Buhu Tamanin na Koriyar Tsakuwa

Ku da kuka tashi kuka tarar da tayil a cikin kwali, an yanka shi, an goge shi, har da furensa tun daga masana'anta, ba zan ga laifinku ba in kun ɗauka daɓe abu ne mai sauƙi. Shekaranjiya a rumfar magina ta Wunti na ji ɗayanku yana cewa wai tarazo ai siminti ne da tsakuwa, a kwaɓa a zuba, shi ke nan. To bari in ba ku labarin yadda simintin nan da tsakuwar suka kusa zubar da mutuncina a unguwar nan, tun ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Sunana Hamza, a Ƙofar Dumi cikin garin Bauchi aka haife ni. Ina da shekara goma sha bakwai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wajen Malam Buba Mai Tarazo. Malam Buba Bafulatani ne dogo siriri, ɗan ruga, wanda ya bar kiwo tun yana saurayi ya tafi Jos ya koyi aikin a hannun 'yan kwangila. Bai yi boko ba, tef ɗin awo ma bai cika yarda da shi ba. Yana da wata sanda da ya yanke daidai ƙafa huɗu, da ita yake auna komai. A lokacin Bauchi gini take yi ko'ina, ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, kuma duk wanda yake son a ce ya yi gini sai ya sa tarazo. Malam Buba har zaɓen aiki yake yi.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai kwanon sarki da shebur, da cokalin gini, da katakon ja, da wani bututun ƙarfe mai nauyi da muke mirginawa a kan daɓe don tsakuwa ta zauna. Akwai baƙar roba mai tsawo da ake kafawa a tsaye, a raba ƙasan gida-gida kamar filin dara, kowane gida ƙafa huɗu ta kowane gefe, don kada daɓen ya tsage. Sai uban tafiyar, injin goga. Mutum huɗu ke ɗaga shi. A ƙarƙashinsa ake ɗaura duwatsun goga, a fara da mai kaushi, a bi da matsakaici, a ƙare da mai laushi, ana yi ana kwarara ruwa. Kafin a kai ga inji kuwa, sai an wanke tsakuwa har sau uku, an kwaɓa, an zuba, an bar daɓen mako guda yana shan ruwa. Wanda ya yi gaggawar sa inji, tsakuwar za ta riƙa fallewa kamar haƙoran tsoho. Ranar da aka zuba daɓe ba ya da kyan gani ko kaɗan, toka-toka ne kawai. Sai dutse ya ci samansa sannan tsakuwar take buɗe ido. Na shafe fiye da shekara ashirin ina ganin wannan, har yau in launin ya fara fitowa daga ƙarƙashin inji sai na ɗan tsaya.

Aikina na farko shi ne banɗakuna da ɗakunan ajiya na wani ofis. Inji ba ya kai wa gindin bango, ba ya shiga lungu, ba ya hawa gefen nan da ake ɗagawa jikin bango. Duk wannan da hannu ake yi, a durƙushe, da guntun dutse. Aikin almajirin sana'a ke nan, kuma shi na yi shekara huɗu cur. Yatsuna har sun daina jin zafin shayi. Na tsani ƙananan ɗakuna, domin ɗaki mai gida biyu tsawo gida biyu faɗi, mai inji zai gama gida huɗunsa ya fita ya sha iska, ni kuwa ina da tsawon gida takwas na bango ina jan gwiwa. Abin da na sani a lokacin shi ne, gefe shi ne aiki. In na shiga ɗaki bango nake kallo. In bangon ya ninka na jiya, na san wahalata ta ninka, kuma ban taɓa yin kuskure a wannan ba.

A shekarata ta shida muka yi zauren karatu na wata makaranta a Ɗan Iya, gida takwas tsawo, gida takwas faɗi. Wannan karon Malam Buba ya ba ni inji na riƙe. Na lura da komai don in nuna masa na isa: tsakuwa buhu arba'in ta shiga, aikin ya ci kwana goma sha takwas. Mun gama ke nan aka aiko masa cewa yayansa ya rasu a ruga can wajen Darazo. Ya tattara ya tafi, ya ce mini zai jima, sai an raba gado. Ya bar mini makullin shago da inji, ya ce in aiki ya zo wanda zan iya, in karɓa.

Bai yi kwana uku da tafiya ba sai ga Alhaji Sabo. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Wunti, mutum mai faɗa a ji, shi ne shugaban kwamitin da ke sake gina masallacin unguwarsu. An rushe tsohon na ƙasa, an ɗaga sabo na bulo, an rufa kwano, saura daɓe. Jama'a suna sallah a wata rumfa a waje, zafin bazara yana cin su, kuma saura kwana arba'in azumi.

Ya ce, "Ina maigidanka?"

Na ce, "Ya yi tafiya, ranka ya daɗe, amma ya bar mini wuƙa da nama."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai za ka iya masallaci?"

"In sha Allahu."

Muka je na auna da sandar Malam Buba. Gida goma sha shida tsawo, gida goma sha shida faɗi. Zuciyata ta yi fari, don lissafin ya zo mini a sama. Na Ɗan Iya takwas ne, wannan goma sha shida, ninki biyu ke nan. Na ce masa tsakuwa buhu tamanin, kwana talatin da shida, za a yi tarawin farko a ciki.

Alhaji Sabo ba ya son farar tsakuwa da kowa yake sawa. Akwai wata koriya da wani mai sayar da kayan gini ya samo daga kudu, mai duhu da ɗan sirkin fari, in ta sha goga sai ka ce ganyen mangwaro bayan ruwan sama. Ita yake so, daga alƙibla har bakin ƙofa. Ya tara jama'a bayan sallar Juma'a ya faɗa musu, aka yi ta sa albarka. Kashegari mota ta sauke buhu tamanin a ƙofar masallaci, bisa maganata.

Allah ya nuna mini alama tun farko, ban gani ba. Robar raba gidaje da na saya ninki biyu, ban kai tsakiyar masallaci ba ta ƙare. Na ce ai mai shagon ne ya rage ɗaurin, na koma na ƙaro, na sake komawa na ƙaro. Kayan gefe kuwa da na ware daban sun zo cif, ba ragi ba ƙari, wannan ya ƙara kwantar mini da hankali. Muka fara zuba daga alƙibla, layi-layi. Ranar da muka rufe layi na huɗu na fito in ƙirga buhunan da suka rage. Arba'in. Na juya na dubi cikin masallaci. Layi huɗu an zuba, goma sha biyu suna kallona. Na sake ƙirga buhuna, na leƙa bayan gini ko an ajiye wasu a can. Rabin tsakuwa ta tafi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan kawai ta rufe.

Na hau kekena na tafi wajen mai kayan gini. Ya ce koriyar mota ɗaya ce ta zo, kuma ta ƙare, in ma za a sake samu sai bayan Sallah, shi ma bai yi alkawari ba. Na zaga duk inda na san ana sayar da tsakuwa a garin nan, babu. Na dawo na ce wa leburori a dakata, daɓe yana shan ruwa. Kwana biyu ina zuba wa layi huɗu ruwa kamar mai lambu, Alhaji Sabo yana wucewa yana ɗaga mini hannu yana cewa sannu da aiki.

A rana ta uku da hantsi Malam Buba ya dawo. Ko gida bai shiga ba aka ce masa ina masallacin Wunti. Ya shigo, ya karɓi sandarsa daga hannuna, ya taka bango ɗaya, ya taka ɗayan, ya fita ya dubi buhuna. Ina jira ya ɗaga murya. Sai ya tsuguna a inuwar bango ya ce, "Hamza, ɗebo mini tsakuwa a hularka."

Na ɗebo. Ya share ƙasa da tafin hannu ya ajiye ƙwara ɗaya.

"Ga ɗaki mai gida ɗaya. Cikinsa nawa, bangonsa nawa?"

"Ciki ɗaya, bango huɗu."

Ya ƙara uku, suka zama biyu-biyu. "Yanzu fa?"

"Ciki huɗu, bango takwas."

Ya ƙara biyar. Na ce ciki tara, bango goma sha biyu. Ya ƙara bakwai. Na ƙirga na ce ciki goma sha shida, bango ma goma sha shida.

"Sun haɗu ko? To ƙara da hannunka."

Na jera layi ɗaya ta dama, ɗaya ta ƙasa, sai da na sa tara kafin ya cika. Ciki ashirin da biyar, bango ashirin. Ya ce in ci gaba. Na sa goma sha ɗaya, na sa goma sha uku, na sa goma sha biyar. Da na kai takwas-takwas, ciki sittin da huɗu, bango talatin da biyu, tsakuwar hulata ta ƙare.

Ya ce, "Wannan shi ne na Ɗan Iya. Irinsa nawa za ka jera kafin ka sami masallacin nan?"

Na dube shi a ƙasa. Ɗaya a nan, ɗaya a gefensa, biyu a bayansu. Na ce, "Huɗu, Malam."

"Huɗu. Bango ya ninka sau biyu, ciki ya ninka sau huɗu. Ka ga bango, duk layin da ka ƙara huɗu yake ƙarawa, yau huɗu gobe huɗu, takunsa ɗaya ne har abada. Ciki kuwa duk takun da ya yi sai ya fi na bayansa faɗi. A ƙaramin ɗaki bango ne a gaba, shi ya sa ka raina ciki. Amma mai buɗe ƙafa kullum, ko wace irin rata ka ba ɗan'uwansa, sai ya kamo shi ya wuce, kuma ba za a sake kamo shi ba." Ya kakkaɓe hannunsa. "Rabin laifin nawa ne. Shekara huɗu na ajiye ka a gindin bango, ka zama mai idon bango. Ɗayan rabin naka ne, kuma kai za ka faɗa wa Alhaji da bakinka."

Bayan la'asar muka same su a rumfar da ake sallah, Alhaji Sabo da Liman, wani dattijo mai sanyin magana. Na durƙusa na faɗi abin da ya faru ban rage komai ba. Alhaji Sabo ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Buba, ka bar mini yaro ya yi wasa da ɗakin Allah? Na tsaya gaban jama'a na ce kore daga alƙibla har ƙofa. Yanzu in koma in ce musu me? In ce rabi kore rabi fari, kamar rigar da yadi ya gaza?"

Malam Buba ya ce, "Alhaji, duk abin da ka faɗa ka yi gaskiya. In kana so a jira bayan Sallah, a jira."

"A jira? Mutane su yi azumi a wannan rumfar?"

Liman ne ya sa baki. Ya tambayi Malam Buba koriyar da ta rage za ta rufe nawa. Malam Buba ya juyo ya dube ni. Na runtse ido na jera tsakuwar nan a raina. Na ce, "Allah gafarta Malam, layi goma sha biyu suka rage, buhu ɗari da ashirin suke nema, arba'in gare mu. Kowane layi zai sami kashi ɗaya cikin uku."

Liman ya ce, "Kashi ɗaya cikin uku na ƙafa huɗu. Zai ɗauki tafin ƙafar mutum?"

"Har da saura."

"To ni shekara ashirin ina cewa a daidaita sahu, a daidaita sahu, har maƙogwarona ya gaji. Ku ja mini koren nan layi-layi a inda ƙafa take tsayawa, wurin sujada ku sa fari. In ƙasa ta yi magana ni na huta."

Alhaji Sabo bai so ba. Ya ce faci faci ne ko da wane suna aka kira shi. Amma Liman ya riga ya yi magana, kuma azumi ba ya jiran kowa. Ya miƙe ya mayar da hularsa ya ce, "Ku yi. Ni dai a layukan gaba zan riƙa sallata, ba zan taka wannan zanen atamfar ba." Ya wuce bai dube ni ba.

Tsakuwa ta warware, saura kwanaki, don su ma ninki biyu na lissafa. Malam Buba, wanda ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya taka da ƙafarsa har wajen wani mai tarazo da ba sa ga maciji, ya aro injinsa. Muka ƙara roba ɗaya a kowane layi, muka riƙa kwaɓi biyu, kore a kwano ɗaya fari a ɗaya, ana kaffa-kaffa kada su haɗu. Mutanen unguwa suka raba ɗibar ruwa tsakaninsu, teloli da masu shaguna, kowa da ranarsa. Duk da haka ba mu cika alkawari ba. Ranar da aka ga wata layi takwas ne suka sha goga, a kansu aka yi tarawin farko, sauran jama'a a waje. Ragowar da azumi a bakinmu muka goge, inji yana ruri, kunun siminti har idon sawu, ruwa yana kwarara ta ko'ina kai kuwa ba halin ka kurɓa. Ranar sha biyu ga wata muka share da garin katako muka shafa mai. Da aka tayar da sallar azahar na tsaya a baya ina kallo. Mutane suka shigo, kowa ya dubi ƙasa ya sa ƙafarsa a kan kore. Liman ya juyo zai ce a daidaita sahu, ya duba, ya yi murmushi ya kabbara.

Daga wannan aikin ban sake faɗin adadin komai ba sai na tsuguna na zana gidajen a ƙasa. Malam Buba kuma ya canza yadda yake koyarwa, duk wanda ya zo sai ya yi mako a gefe, mako a tsakiya. Masallatai uku suka zo daga baya suna neman irin na Wunti mai layi. Alhaji Sabo kuwa ya riƙe maganarsa. Yakan amsa gaisuwata, amma shekara da shekaru ban taɓa ganinsa a bayan layi na huɗu ba.

Mummunar shekararmu ba fari ne ya kawo ta ba, tayil ne. Da farko a banɗaki kawai ake sa shi, muna yi masa dariya. Sai ga shi ya cika kasuwa, manya-manya masu sheƙi, yau a sa gobe a taka. Wa zai jira mako guda daɓe yana shan ruwa, ga ƙarar inji, ga taɓo, ga wuta da ta koma sai an ga dama? A wannan shekarar, daga ƙaramar Sallah har babba, aiki ɗaya muka samu, shi ma matakalar bene ce. Leburorinmu suka watse, wasu suka koma acaɓa. Na ga an kira mu wani gida a Ɗan Iya, ba don mu yi daɓe ba, don mu sassare wanda muka yi da hannunmu, wai simintin tayil ya sami wurin kamawa. Malam Buba ya dubi daɓen, ko tsaga ɗaya babu, ya ce wa mai gidan ya nemi wani. Bai ƙara riƙe inji ba. Ya koma wajen danginsa a ruga, bayan shekara biyu aka aiko mana da rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Injin ya bar mini, na lulluɓe shi da buhu a zauren gidanmu.

A cikin zaman banzan wannan shekarar ne wata rana da yamma na tarar da 'yata Asma'u tana fama da aikin makaranta a tsakar gida. Tana sakandare a lokacin. Na leƙa littafin na ga lambobi layi biyu. Na sama huɗu, takwas, sha biyu, sha shida, ashirin. Na ƙasa ɗaya, huɗu, tara, sha shida, ashirin da biyar.

Na ce, "Asma'u, wa ya ba ki bango da ciki?"

Ta ce, "Wane bango kuma, Baba? Lissafi ne. An ce mu faɗi wanda ya fi saurin girma, da inda suke haɗuwa."

"A huɗu suke haɗuwa. Kafin nan na sama ne a gaba, bayan nan na ƙasa ya tafi ke nan. In kin kai sha shida, na sama sittin da huɗu, na ƙasa ɗari biyu da hamsin da shida."

Ta ɗauki biro ta buga ta buga, ta ɗago tana kallona. Sai ta nuna mini zanen da malaminsu ya sa suka yi, layi ɗaya miƙaƙƙe sak kamar igiyar magini, ɗayan ya fara a kwance ƙasa-ƙasa sannan ya lanƙwasa ya miƙe sama kamar ƙahon sa. Ta ce kowanne da sunansa a boko. Na ce ta riƙe sunayen, ni a hular tsakuwa aka koya mini. Yau ita ke koyar da lissafin, kuma ta ce da tayil take fara wa ɗalibanta wannan darasin.

Ni ma tayil ɗin na koma. Ina da shekara arba'in da wani abu na je na tsuguna gaban wanda na girme wa da shekara goma sha biyar, ya nuna mini yadda ake riƙe abin yanka. Ba na raina aikinku, da shi na ciyar da gidana. Abin da nake gaya muku shi ne, lissafin bai canza ba. Har gobe ina ganin mai tayil ya ce falon nan ya ninka wancan, a sayo kwali ninki biyu, sai an kai tsakiya a koma kasuwa a tarar launin ya ƙare.

Shekarun baya kaɗan ɗan Alhaji Sabo, wanda ya gaji shagon yadin da shugabancin kwamiti, ya aiko a kira ni. Daɓen masallacin ya dushe, ya yi duhu saboda shekaru, kore da fari sun kusa zama abu ɗaya. Matasan kwamiti sun yanke a rufe shi da tayil fari tas. Na je da tef ɗina ina awo, sai ga Alhaji Sabo da kansa an riƙo hannunsa. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo, ƙafa ma sai a hankali. Rabon da ya iya kutsawa zuwa layin gaba an daɗe, a kusa da ƙofa yake tsayawa.

Ya ce, "Wa nake ji? Hamza ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me za ka yi wa ƙasan nan?"

Ɗansa ya ce, "Tayil za a sa, Baba. Fari mai kyau, duk ɗaya."

"Duk ɗaya." Tsohon ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙasa. "Ni yanzu fuskarka ma ba na gani. Liman ba na ganinsa, ƙofa sai an nuna mini. Abu ɗaya nake gani a masallacin nan, duhun layin nan a cikin fari, da shi nake sanin inda zan tsaya ba sai an ja ni kamar akuya ba. Shi ma ya fara ɓace mini. Hamza, injin Buba yana nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"To ɗauko shi."

Ba wanda ya yi musu. Na yaye buhun, na kai injin aka sake masa waya, na nemo duwatsun goga da ƙyar. Kwana goma sha tara na yi, da janareta. Dutse na farko yana cin saman daɓen koren ya buɗe ido, sabo fil, kamar jiya muka zuba shi. Waɗanda aka haifa bayan an gina masallacin suka riƙa leƙowa ta taga, ba su taɓa sanin haka launinsa yake ba.

Ranar da na gama aka kawo Alhaji Sabo kafin azahar, masallaci ba kowa. A bakin ƙofa ya zare hannunsa daga na ɗansa. Ya tako shi kaɗai, a hankali, kansa a sunkuye, ya wuce fari, ya sa ƙafafunsa biyu a kan kore ya daidaita su. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hamza, buhu nawa ka ce mini a wancan lokacin?"

"Tamanin, ranka ya daɗe."

"Nawa ya kamata ka ce?"

"Ɗari da sittin."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka da ba ka iya lissafi ba."

Ya ɗaga hannu ya kabbara nafila.